Daga Zaɓen Batu Zuwa Ranar Kare Kundi: Yadda Ake Rubutun Bincike Mataki-Mataki

Duk wanda ya taɓa zama a Samaru, Zariya, ya san yadda shagunan buga takardu na bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello suke cika idan zangon karatu na biyu ya zo ƙarshe. Janareta na ruri, 'yan ajin ƙarshe na tsaitsaye da filash a hannu, kowa idonsa ya yi ja don rashin barci. Da yawansu a cikin mako biyu suka harhaɗa babi biyar. Na sha karɓar irin wannan kundi don in duba, kuma tun daga shafi na uku ake gane cewa mai shi bai san abin da yake nema ba. Abin yana damuna, domin galibi yara ne masu ƙwaƙwalwa, ba a dai taɓa zaunar da su an nuna musu yadda aikin yake tafiya ba.

Kundi, na digirin farko ne ko na biyu ko na uku, kai ko maƙalar da za a aika wa mujalla, amsa ce ga tambaya guda ɗaya. Duk matakan da zan kawo hidima suke yi wa wannan tambayar.

Fara da sanin dokar sashenka

Kafin komai, nemi takardar ƙa'idojin rubuta kundi ta sashenku. Masu digiri na biyu da na uku a Jami'ar Ahmadu Bello su nemi ta Makarantar Karatun Gaba da Digiri. Tsarin da ake bi a Tsangayar Shari'a da ke harabar jami'ar ta Kongo a Zariya ba shi ake bi a Tsangayar Aikin Gona ba, haka na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli daban yake da na masu karatun malanta. Shiga ɗakin karatun sashe ka ɗauko kundi uku na shekarun nan, ka duba yawan babinsu, da salon madogararsu, wato yadda suka ambaci ayyukan da suka ɗauko bayani daga ciki, da yadda suka jera ƙumshiya. Aikin wuni ɗaya ne.

Matse batun har ya zama tambaya

A nan yawancin kundaye suke mutuwa tun ba a haife su ba. Ɗalibi zai zo ya ce, "Ranka ya daɗe, ina so in yi rubutu a kan matsalolin noma a Arewacin Nijeriya." Wannan ai aikin cibiya guda ne. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, har yau ba a gama ba, ina kai mai wata shida?

Ga yadda ake matsewa. Noma: wane amfani? A ce masara. Mene ne game da masarar? Ingantaccen iri, irin su SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take fitarwa. A ina? Ƙaramar Hukumar Giwa. Su wa? Ƙananan manoma. To yanzu sai tambayar ta fito: me ya sa wasu ƙananan manoman masara a Giwa suke shuka ingantaccen iri, wasu kuma suke riƙe da irin da suka gada? Ka ga wannan tambaya ce da mutum zai iya hawa mota daga Samaru ya je ya nemo amsarta ya dawo kafin magariba, ya maimaita har ya ƙoshi.

Mai nazarin harshe ma haka. Kada ya ce zai yi "Karin harshen Zazzaganci". An san Zazzagawa da rashin bambanta jinsi a magana, inda za ka ji "mota na" a wurin da Bakano zai ce "motata". Sai ya tambaya: shin matasan cikin birni suna riƙe da wannan kamar yadda iyayensu suke, ko makaranta da rediyo sun fara sauya musu baki?

Ka gwada tambayarka da abu uku. Za ka iya faɗa wa mahaifiyarka ita da Hausa a jumla ɗaya ta gane? Mutanen ko takardun da amsar take hannunsu, za ka iya kai wa gare su da kuɗin aljihunka? Amsar a buɗe take, ko ka riga ka yanke hukunci kana neman wanda zai sa maka hannu ne? Idan tambayoyi biyu suna ja maka rai, ajiye ɗaya don digiri na gaba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Karatu, da alƙalami a hannu

Mu a Zariya ba mu da uzurin rashin abin karantawa. Ga Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, ga na Shugaba Kennedy a Kongo. Mai binciken tarihi ko siyasa ya shiga mota zuwa Kaduna, ga Gidan Arewa da aka kafa a 1970, ga kuma ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, inda rahotannin zamanin Turawa suke. Mai son sanin yadda ake rubuta Hausa da abin da ke damun jama'a a da, tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, taska ce. A intanet kuwa akwai Google Scholar, da AJOL mai tattara mujallun Afirka, da JSTOR. Tambayi ma'aikatan laburare waɗanne rumbuna makarantarku ta biya wa kuɗi, domin ɗalibai da yawa suna gama karatu ba su taɓa tambaya ba.

Maƙala ba a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe kamar labari. Karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkonta, ka tsallaka zuwa kammalawa. Idan ta shafi tambayarka, sai ka dawo ka ga yadda marubucin ya tattara bayanansa, a ina, daga mutum nawa. Idan ba ta shafa ba, ajiye ta ko da ta burge ka.

Duk abin da ka karanta, rubuta abu uku nan take: cikakken bayanin aikin (marubuci, shekara, take, mawallafi ko mujalla, shafi), abin da ya gano a jumla biyu da bakinka, da inda ya tsaya bai ƙarasa ba. Idan ka kwafi maganarsa kalma da kalma, sa mata alamar zance a take. Bayan wata uku ba za ka iya tuna wacce ce taka wacce ce tasa ba, kuma ta nan mutanen kirki suke faɗawa satar fasaha ba da niyya ba. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana waɗannan bayanai ta jera maka manazarta, wato jerin ayyukan da ka dogara da su, da kanta. Wanda ba shi da kwamfuta, littafin rubutu mai kauri ya wadatar, shafi ɗaya ga kowane aiki.

Furofozal da bitar ayyukan da suka gabata

Furofozal alkawari ne: ga abin da zan nema, ga dalili, ga hanyar da zan bi. A cikinsa akwai dalilin bincike, da manufofi, da tambayoyi, da farfajiya (wato iyakar abin da binciken zai taɓo), da muhimmanci. Abin da zan jaddada shi ne su riƙa kallon juna. Idan manufofinka uku ne, ƙananan tambayoyinka su zama uku, kuma babi na huɗu, inda ake kawo sakamakon bincike, ya amsa su a jere ɗaya bayan ɗaya. Manufa uku ko huɗu sun isa. Duk manufar da ka ƙara bashi ne da za a tambaye ka ranar difens, wato ranar kare kundi.

Babi na biyu kuwa, wato bitar ayyukan da suka gabata, shi ne wanda aka fi zalunta. Abin da ake yawan gani shi ne: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, su wane sun ce kaza, shafi ashirin, babu inda muryar ɗalibin ta fito. Wannan jerin gwano ne. Bita ita ce ka zaunar da marubutan kamar a zaure, ka raba su gwargwadon ra'ayinsu, kai ne mai gabatar da zama. A misalinmu na masara, sai ka ce: wasu manazarta sun ɗora alhakin a kan tsadar iri da taki, ka kawo su tare, wasu sun ce ƙarancin malaman gona ne, ka kawo su, sannan ka nuna inda ɓangarorin biyu suka saɓa, da abin da duka suka bari. Wataƙila ba wanda ya tambayi matan gida, waɗanda su ne suke tuƙa tuwon, ko garin sabon irin yana yi musu yadda suke so. Wannan giɓin shi ne hujjar ci gaba da bincikenka. Idan ka gama babi na biyu mai karatu bai ga giɓi ba, ba ka gama ba.

Ra'in da za ka ɗora aikin a kai ma, wato tunanin masana da za ka fassara sakamakonka da shi, ka zaɓi wanda za ka yi amfani da shi a babi na huɗu. Kada ya zama ado a babi na biyu, a ambace shi sau ɗaya a manta da shi.

Fita fili

Idan takardar tambayoyi za ka raba, sai ka san mutum nawa za ka tambaya da dalilin wannan adadi. Ƙa'idoji biyu aka fi amfani da su a nan. Akwai lissafin Taro Yamane na 1967: ka ninka yawan jama'ar da 0.0025, ka ƙara 1, sannan ka raba yawan jama'ar da abin da ya fito. A ce manoma 1,000 ne a rajistar ƙungiyoyinsu: 1,000 sau 0.0025 ya ba da 2.5, a ƙara 1 ya zama 3.5, a raba 1,000 da 3.5, ya kama mutum 286. Akwai kuma jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ya ba da 278 ga mutum 1,000. Ɗauki wanda sashenku ya amince da shi, amma ka fahimci lissafin, domin ana tambaya. Mai yin hira mai zurfi ba ya buƙatar wannan adadi. Shi yana ci gaba ne har ya ga amsoshin sun fara maimaita kansu.

Kafin ka buga kwafi ɗari uku, gwada takardar a kan mutum goma ko ashirin. Idan da Ingilishi ka tsara ta alhali da Hausa za ka yi tambaya, fassara ta a rubuce tun a gida, ka ba wani ya mayar da ita Ingilishi ba tare da ya ga ta asali ba. Inda suka bambanta, nan ma'ana ta zame.

Sai ladabin shiga gari. Karɓi takardar gabatarwa daga sashe, ka fara da gaishe da dagaci ko mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka ba tare da yi wa kowa alkawarin taki ko tallafi ba. Manomi da damina ba ya zama da hantsi, sai ka bari bayan la'asar. Idan akwai matan aure a cikin waɗanda za a tambaya, tafi da mace ta shiga cikin gida. Kowa a nemi yardarsa kafin a naɗi muryarsa. Masu binciken da ya shafi marasa lafiya, kamar a asibitin koyarwa na Shika, dole su sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin su taɓa fayil ko su yi wa majinyaci tambaya. Kuma don Allah kada ka zauna a ɗaki ka cike takardun da hannunka. Ban da kasancewarsa ha'inci, wani zai zo bayanka ya dogara da ƙaryar.

Daftarin farko

Ba dole ba ne ka fara daga babi na ɗaya. Fara da na uku, hanyoyin gudanar da bincike, domin labarin abin da ka yi ne da hannunka, shi ya fi sauƙin fita. Daga nan na huɗu, sai ka koma ka gyara na biyu, sannan na biyar. Gabatarwa ka sake rubuta ta bayan ka san abin da ka gano. Tsakure shi ne na ƙarshe, duk da a gaba yake zama.

Ka yanka wa kanka abin da za ka rubuta kullum, ko da kalma 300 ce, wato kusan shafi ɗaya. A wata ɗaya ka tara shafi talatin. Ni bayan sallar asuba na fi samun nutsuwa, kafin hayaniya ta tashi. Wani kuma sai dare ya raba. Lokacin da kake daftari kada ka tsaya gyaran jumla. Inda ka rasa madogara, rubuta "a nemo" ka wuce.

Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya: faɗi maganar, kawo hujja, sannan ka bayyana abin da hujjar take nufi ga tambayarka. Wannan na ukun shi ake yawan bari. Ɗalibi zai zana jadawali, a ƙasa ya sake karanto lambobin da ke ciki, ya wuce. Mai karatu ai yana da ido. Abin da yake jira daga gare ka shi ne: me ya sa haka, kuma ya dace da abin da magabata suka gano ko ya saɓa? Idan sakamakon ya ƙaryata zatonka, rubuta shi yadda ya zo. Sau da yawa nan ne kundin yake da daraja.

Maganar ajiya kuma ba ta wasa ba ce. Ina digiri na biyu na kai filash wani shago don a buga mini babi biyu, ya kwaso cutar kwamfuta, aikin wata biyu ya tafi, ba ni da kwafi a ko'ina. Har yau ina jin zafin abin. Duk ranar da ka yi rubutu, tura wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin.

Madogara da satar fasaha

Duk ra'ayi, ko adadi, ko jumlar da ba taka ba, ka faɗi mai ita, ko da ka sauya kalmomin. Sassa da yawa na ilimi da zamantakewa suna bin salon kawo madogara da ake kira APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019. Masu adabi wasu suna bin MLA. A APA ana sa sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, a ƙara lambar shafi idan maganarsa aka ɗauko kai tsaye. Idan abin da aka ɗauko ya kai kalma 40, ana ware shi a sakin layi nasa a tura shi ciki, ba alamar zance. Marubuta uku ko fiye, sunan na farko kawai ake sawa a ce "da wasu". Duk sunan da ya fito a cikin aiki ya fito a manazarta, duk wanda ke manazarta a same shi a cikin aiki.

Ana amfani da manhajoji irin su Turnitin don gano kwafe, amma malamin da ya san muryarka yakan riga manhajar ganewa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa suna iya ƙago maka sunan marubuci da maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. Kada ka sa wani aiki a manazarta sai ka buɗe shi da idonka.

Gyara, da zama da mai duba aiki

Idan ka gama babi, bar shi ya kwana uku, sannan ka bi shi sau uku. A bi na farko tsari kawai za ka duba: kowane sashe yana taimaka wa tambayar? Wanda ba ya yi, cire shi ko da ka sha wahalarsa. A na biyu ka karanta da ƙarfi. Duk jumlar da numfashinka ya ƙare kafin ta ƙare, raba ta biyu. Na uku shi ne na ƙa'idojin rubutu da lambobin shafi da jadawali.

Masu rubutu da Hausa su kula da haruffa masu lanƙwasa. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Gboard yana da allon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. A kula da raba kalma da haɗe ta: "shi ne" a rabe ake rubutawa, "ba ta zo ba" ba "bata zo ba" ba. Masu rubutu da Ingilishi kuma su bar farautar manyan kalmomi, jumla gajeriya mai ma'ana ta fi.

Malamin da ke duba aikinka yana da ɗalibai da yawa, ga aji, ga taruka. Kai masa babi ɗaya-ɗaya, a buge, da tazara tsakanin layuka don ya sami wurin rubutu. Je da tambaya takamaimai: "Malam, a shafi na 14 na rasa ko in haɗa waɗannan manufofi biyu ko in bar su." Idan ka dawo da gyara, haɗo da tsohon kwafin da ya yi wa jan biro, don ya ga abin da ka yi. Inda ba ka yarda da gyaransa ba, faɗa masa cikin ladabi tare da hujjarka. Malamai da yawa sun fi son haka a kan ɗalibin da zai ce "to" ya tafi bai gyara ba. Kada ka ɓace wata uku sannan ka bayyana ana saura mako ɗaya a rufe karɓa.

Ranar difens

Yawanci mintuna kaɗan ake bayarwa, don haka kada ka ɓata su a kan tarihin batun. Faɗi tambayarka, da yadda ka nemi amsa, da abin da ka samu, da abin da yake nufi. Gwada a gaban abokai biyu da agogo a hannu. Tambayoyin da ba sa wuya su ne: me ya sa ka zaɓi wannan wuri, yaya ka sami wannan adadi, mene ne sabon da ka ƙara, ina raunin aikinka. Shirya amsar ta ƙarshen da gaskiya, domin wanda ya san iyakar aikinsa ya fi samun yardar masu jarrabawa. Abin da ba ka sani ba ka ce, "Ranka ya daɗe, ban duba wannan ba, zan duba."

Roƙi wani abokinka ya zauna ya rubuta duk gyaran da aka faɗa, domin kai a tsaye ba za ka riƙe rabinsu ba. Masu digiri na biyu da na uku akwai mai jarrabawa daga wata jami'a, kuma gyaransa a rubuce yake zuwa. Yi jadawali mai gida uku: abin da aka ce, abin da ka yi, da shafin da yake. Ka yi gyaran a makon nan tun abin yana kanka, ka kai wa malaminka ya sa hannu. Kafin ka ba da a yi bango mai tauri, buga kwafi ɗaya ka bi shi shafi-shafi, ka tabbata lambobin ƙumshiya sun dace da na ciki, sunanka da lambar rajistarka daidai suke, launin bangon kuma shi ne wanda sashenku ya ce.